Wa Ya Gani? Labarin Wani Zauren WhatsApp a Rikicin Nilul Azraƙ na 2022

Naman layya bai gama ƙarewa a gidaje ba saƙon ya shigo. Muryar Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina da ke aure a Ganis, dab da madatsar ruwa ta Rusairis, a yankin Nilul Azraƙ (Shuɗin Nilu) na ƙasar Sudan. Maganar ba ta kai rabin minti ba. Cewa ta yi: "Ku taya mu da addu'a, an fara ƙone-ƙone, mun fito ko takalmi babu." A bayan muryarta ana jin kukan yara, da wani namiji yana ƙwala wa wani kira da Larabci. Daga nan wayarta ta mutu, ba mu sake jin ɗuriyarta ba sai bayan kwana uku.

Ina Madani, babban birnin jihar Jazira, a lokacin, kuma ina cikin mutum uku da ke riƙe da zauren WhatsApp na danginmu da 'yan unguwarmu. Don sanarwar biki da suna da rasuwa muka buɗe shi. Akwai na Madani a ciki, da na Sinnar da Mai Wurno da Gadarif, da waɗanda neman abinci ya kai Jidda da Makka, da wasu ƙalilan da karatu ya kai Kano. Abin da ya faru a wannan zaure a makon tsakiyar Yuli na 2022 shi nake son in baje a faifai, domin a cikinsa na ga yadda sarauta da waya da labari suka cakuɗe a rayuwarmu, har da kuskuren da na yi da hannuna.

Mafarin rigimar

Wanda bai san Sudan ba yakan yi mamakin jin Hausa a bakin Nilu. Hanyar aikin hajji ce ta fara kawo kakanninmu, a ƙafa da jakai, wasu su kai Makka su dawo su zauna, wasu guzuri ya ƙare musu a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har bakin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka yi shuka da tsinka. Mun yi kamun kifi a kogi, mun noma dawa da riɗi, agashe da godogodo kuma sun zama abincin kowa a kasuwannin ƙasar.

Amma takarda ba ta tafi daidai da gumi ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaura sharaɗin cewa asalin mutum ya kasance a Sudan tun ƙarshen 1897, wanda hakan ya bar jikokin masu hijira da yawa a bakin ƙofa shekara da shekaru. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1956. Sai dai kalmar "baƙo" ta fi doka tsawon rai.

Sai kuma batun idara ahaliyya, wato mulkin gargajiya na nazir da umda da shehu, a Nilul Azraƙ kuma da mak a samansu. Turawan Ingila ne suka tsara shi a shekarun 1920, Shugaba Numairi ya rushe shi a farkon shekarun 1970, aka dawo da shi daga baya. A ƙauyen Sudan wannan sarauta ba ado ba ce. Mai ita ne ke shaidar gona, shi ke zama a judiyya, wato zaman sulhu, in an yi rikici, shi gwamnati ke kira in za ta yi magana da jama'a. Kuma a idon mutane da yawa, sarauta da ƙasa tare suke tafiya: wanda aka ba rawani, an amsa cewa yana da ƙasa ke nan.

Nan gizo ke saƙar. Bayan faɗuwar Shugaba Bashir a 2019 da yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, wadda ta kai jagoran 'yan tawaye Malik Agar majalisar mulkin ƙasa, ta kuma kai Ahmad al-Umda Badi kujerar gwamnan yankin, kowace al'umma ta shiga laluben matsayinta a sabon rabo. Shugabannin Hausawa suka nemi a ba su masarautarsu a cikin tsarin. Masu sarautar ƙabilun yankin, irin su Barta da Hamaj, suka ƙi. Namu suka ce wakilci muke nema, a samu mai magana da yawunmu. Nasu suka ce ƙasar kakanninsu ake son shiga ta bayan gida. 'Yan siyasa kuma, musamman ɓangarorin tsohuwar ƙungiyar tawaye da ta rabe biyu tun 2017, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. A kan wannan busasshiyar ciyawa aka kashe wani manomi a yankin Gaisan, wuta ta tashi, cikin 'yan kwanaki ta kai Rusairis da Ganis da Damazin, babban birnin yankin. Kafin mako ya zagayo ma'aikatar lafiya ta yankin ta ƙirga gawa 105, dubban mutanen da suka tsere kuma suna fake a makarantu.

Daren hoton

Akwai abin da ya kamata mai karatu na Kano ko Zinder ya sani. Yawancinmu a nan muna jin Hausa muna yinta, amma karatunmu da rubutunmu na Larabci ne, tsofaffi kuma ajami. Ni ma boko a bayan girma na koye shi. Saboda haka saƙon murya ne ya zama jaridarmu. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba takan danna ta yi magana, a ji ta a Jidda kafin ta sauke hannu. Daɗinsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan. Murya tana zuwa da kuka da haki da rantsuwa, tana shiga zuciya kai tsaye, kuma in an tura ta sau biyar ba wanda ya san bakin da ta fito. Babu edita a tsakani. Kamfanin ma ba ya jin abin da ke ciki, tunda saƙon a kulle yake daga mai turawa zuwa mai karɓa.

A daren farko zauren ya cika da addu'a da tambaya: wa ya ji labarin wance, wa ke da lambar wane. A dare na biyu launin magana ya sauya. Muryoyin da ba mu sani ba suka fara shigowa. Wani na cewa an kewaye ƙauye kaza ba wanda ya fita. Wani na ba da adadin gawarwaki da ya ninka na safe sau goma. Na lura da wani abu da har yanzu nake juyawa a raina: iya nisan mutum da wurin, iya zafin bakinsa. Waɗanda ke Damazin ruwa da bargo da mota suke nema. Masu kiran a rama galibi suna can ƙetaren Bahar Maliya, a ɗaki mai sanyi, zuciyarsu na ƙuna don ba su da abin da za su iya yi sai magana. Ban zarge su ba, uwayensu ne a cikin wutar.

Wajen ƙarfe sha ɗaya hoton ya shigo. Gawarwakin yara ne a jere a kan tabarma, an rubuta a ƙasa cewa Ganis ne, yau. Ga Gwaggo da jikokinta huɗu ba labari. Na ƙura wa ƙafafun yaran ido ina neman wanda na sani. Hannuna na rawa na tura shi zuwa wasu zauruka biyu, na malaman makarantarmu da na samarin masallaci, ban tambayi kowa ba.

Da asuba bayan an sallame na tarar da Baffa a inda ya saba zama, kan angarib, wato gadon igiya, a ƙarƙashin rumfar da muke kira rakuba, rediyonsa a gefe yana laluben sashen Hausa na BBC. Shi ne shehun unguwarmu, ya haura saba'in, wayarsa ƙarama ce mai tocila. Na durƙusa na miƙa masa tawa. Ya daɗe yana kallo, ya yi salati, ya miƙo mini.

"Wa ya gani?"

Na ce: "Baffa, ai kowa ya gani, ya cika gari."

Ya ce: "Ɗana, ban ce wa ya gani a waya ba. Wa ya tsaya a kan tabarmar nan? Ɗan gidan wa ne? Kira mini shi in yi masa ta'aziyya."

Na yi shiru. Na koma na bi sawun hoton: wanda ya saka shi ya ce daga zauren abokan aikinsa ya samo, na can ya ce a Facebook ya gani, shafin kuma ba suna ba fuska. Kafin azahar wani ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ya binciko shi a intanet. Tsohon hoto ne, daga wata ƙasa daban, shekaru kafin rikicin.

Amma kafin azahar ɗin, abin da zai faru ya kusa faruwa. Akwai wani mai sayar da gawayi a bakin kasuwarmu, mutumin kudancin Nilul Azraƙ, ya fi shekara goma a cikinmu, matanmu na karɓar bashi a wurinsa. Samari huɗu daga zauren masallaci, wato inda ni na tura hoton, suka tsaya masa a kai suna nuna masa waya suna cewa ga aikin 'yan'uwanka. Ɗaya ya riga ya ɗauki icen auna buhu. Mai shayin da ke gefe ce ta aiko yarinya a guje. Baffa ya tafi da sandarsa, ba gudu ba tsawa, ya zauna a kan buhun gawayin da farar jallabiyarsa, ya ce wa mutumin ya auna masa na dafa shayi. Ya kira samarin ɗaya bayan ɗaya da sunan uban kowa. Suka watse. Da yamma shi da kansa ya raka mai gawayin har gida.

Yara sun mutu a Nilul Azraƙ da gaske, namu da nasu. Hoton ƙarya bai rage komai daga wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya kusa ƙara gawa ɗaya a garin da ke da nisan tafiyar yini daga inda ake faɗan, kuma da yatsana aka kai shi.

A daren muka zauna mu uku masu riƙe da zauren, muka je da waya wurin Baffa, ya yi magana muka ɗauka. Bai yi wa'azi ba. Ya ce duk mai kawo labari ya faɗi sunansa, da garin da yake, da ranar, ya kuma faɗa ko da idonsa ya gani ko faɗa masa aka yi, in faɗa masa aka yi wa ya faɗa. Hoton gawa kuma kada a sake sakawa, ko na gaskiya ne, domin mamaci yana da haƙƙin sutura. Muka rufe zauren na kwana biyu yadda mu kaɗai ke iya sakawa, kowa ya turo mana a gefe mu tace.

Ba a karɓi abin da daɗi ba. Wani yayanmu na Jidda ya ce mun toshe bakin waɗanda ake zalunta. Samari kusan ashirin suka fita suka buɗe nasu, suka ce tsofaffi sun saba haɗiye wulaƙanci. Kuma gaskiya ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba. Waɗannan yara ne da suka ga kwamitocin unguwanni sun kayar da mulkin shekara talatin da waya da ƙafa, suka ga an katse intanet fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan a Kartum ranar 3 ga Yunin 2019, aka sake katsewa makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. A wurinsu duk mai cewa a yi shiru, da mai katse layi ɗaya suke. Sun kuma ga yadda a zamanin Bashir rawani da yawa ya zama na jam'iyya mai mulki. Dattijon da ke son a saurare shi yau sai ya zo da abin da ya fi rawani.

Su ne kuma suka tsara fitowar da ta sa duniya ta waiwayo. A Kasala ranar 18 ga Yuli abin ya ɓaci, aka ƙona gine-ginen gwamnati da shaguna. Washegari dubban Hausawa suka yi tattaki a Kartum aka tarbe su da barkonon tsohuwa, aka fita a Gadarif da Ubayyid da Bur Sudan, mu ma a Madani aka tare hanya. Na fita, kuma ban yi nadama ba. Al'ummar da ta warwatsu daga Bahar Maliya zuwa Kurdufan ta tashi a rana ɗaya ba tare da sarki ɗaya ya yi shela ba. Na tuna 2008, lokacin da wata jaridar Kartum ta buga maganar da aka jingina wa Bashir a kan asalin Hausawa, aka yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala, gwamnati ta ce ba haka ya faɗa ba. A wancan karon maganar tana da mai ita: an san jaridar, an san wanda ake tuhuma, an san ƙofar da za a buga. A 2022 dubban bakuna ne ke magana da sunanmu, kuma in magana ta yi ɓarna ba wanda za a kama wa riga.

Wani abokin aikina malamin lissafi, ɗan ɗaya daga cikin ƙabilun da ake rikicin da su, shi ya nuna mini ɗaya fuskar. Bayan kwanaki muna gaisawa sama-sama, ya zaunar da ni ya buɗe mini zauren danginsa. Na ga namu sak. Muryoyi marasa suna, adadin da ke kumbura da dare, hoton da ba a san asalinsa ba, da jita-jitar cewa Hausawa sun tara makamai suna tafe. Har ƙanwarsa da ta ɓata kwana biyu. Sunan ƙabila kawai aka sauya. Da mai ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan hana kisan ƙare dangi a lokacin, Alice Nderitu, ta yi gargaɗi a Nuwamban shekarar cewa kalaman ƙiyayya a kafafen sada zumunta suna rura wutar Nilul Azraƙ, mu biyun mun riga mun gani a tafin hannunmu.

Ba waya ce ta haifi rigimar ba. Gona ce, da doka, da siyasa, da gwamnatin da jami'anta suka iso bayan gari ya ƙone. Abin da waya ta sauya shi ne gudu. Sulhun gargajiya abu ne mai tafiyar hawainiya: sai ajawid, wato dattawan sulhu, sun taru, sun hau mota, a damina kuma baƙar ƙasar yankin takan riƙe taya yini guda, sai an sha shayi an yi gaisuwa kafin a taɓo magana. Wannan jinkirin da kansa magani ne, yana ba zuciya lokacin sauka. Saƙon murya kuwa ya gama zagaya jiha kafin dattijo ya gama naɗa rawani. Hausawa sun nemi sarauta a takarda don a samu mai amsawa da yawunsu, a daidai lokacin da amsawa da yawun jama'a ta kuɓuce daga hannun masu sarauta baki ɗaya, namu da nasu.

Da zauren ya lafa sai ya koma wani abu daban. Wani ɗalibi a Damazin ya riƙa bin makarantun da aka sauke mutane yana rubuta sunaye a littafin aji, ya ɗauki hoton shafin ya turo kowace yamma. A shafi na uku muka ga sunan Gwaggo da jikokinta, su biyar cif. Inna ta ajiye tsintsiya ta yi sujada a tsakar gida. Matan adashe suka juya kuɗin zubin watan zuwa garin dawa da sabulu da atamfa. Na Jidda, har da yayan da ya yi fushi, suka riƙa turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, kowa ya sako hoton shaidar biya, ma'aji ya karanta jimla da murya kowane dare don tsofaffi su ji. Da kuɗin aka ɗauki babbar mota ta kwaso iyalai zuwa Sinnar.

Kada a ɗauka dokar Baffa ta kashe wata wuta a can. A watan Oktoba faɗa ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, a garuruwan nan masu lamba da aka gina wa waɗanda ƙarin tsayin madatsar Rusairis ya tasa, aka kashe fiye da mutum 200 cikin kwana biyu. Gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, masu zanga-zanga suka cinna wa ofishin gwamnatin yankin wuta a Damazin. A Janairun 2023 shugabannin ƙabilu suka sa hannu a takardar zaman lafiya a gaban shugaban mulkin soja Janar Burhan. Na saka hoton a zaure, mutum uku suka ce Allah ya sa a ɗore. Gwaggo ta ce ita dai ba za ta koma ba sai ta ji daga bakin maƙwabciyarta.

Wata uku bayan haka yaƙin 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya tashi a Kartum. A Disamba ya iso Madani, muka fita da abin da hannu ya iya ɗauka zuwa Gadarif. Baffa ya ƙi tafiya, ya ce ba zai bar masallaci da waɗanda ba su da kuɗin mota ba. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a ƙasar, zauren ya yi tsit, saƙo na ƙarshe ya tsaya a wurinsa kamar agogon da ya mutu. Mu namu layin ya dawo a hankali, na Jazira bai dawo ba, sai dai a je inda aka kafa Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, a biya kuɗin awa.

Wata ranar Laraba da hantsi saƙo ya shigo daga lambar wani yaron unguwa. Na danna, sai na ji tari, sannan muryar da ban taɓa jin ta shigo zauren don kanta ba.

"Salamu alaikum. Ni ne shehunku, daga Madani, yau Laraba. Abin da zan faɗa da idona na gani."

Ya lissafa gidajen da ke da mutane a ciki, gida gida, daga bakin masallaci har kasuwa. Ya faɗi mutum biyu da aka binne da inda aka binne su. Ya ce mai gawayi yana nan, shi ke kawo wa tukunyar masallaci wuta. Sannan ya ce a nemo masa maganin hawan jini in an samu mai zuwa, nasa ya ƙare tun sati biyu.